Saura Harafi Ɗaya

SHAFI NA 19

Da sunan Allah nake buɗe wannan shafi. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", na ji ku, kunnena har ya yi zafi. Wacce ta ce in ban kawo yau ba, za ta biyo ni gida, ki taho da sabulunki, wanki ya taru. Ga Mai Zane nan, ta ɗora muku da bakinta.

*

"Malama Mai Zane, injin nan takarda yake ci, ba ya cin alkawari."

Baba Mai Inji ne ya faɗa yana murza yatsunsa a tsumma, tawadar da ta zauna a farcensa tun kafin a haife ni ko gezau ba ta yi ba. Ni kuwa ina zaune a kan damin takardu, fensir a baki, farar takarda a cinya.

"Na sani, Baba."

"Ba ki sani ba. Makarantun ƙananan yara sun matsu, malamai sai kirana suke. Littafin koyon haruffa ne, kin zana tun daga A, kowane harafi da hotonsa, gwanin kyau. Sai a kan Z za ki zauna ki miƙe ƙafa?"

"Ya ƙi zuwa ne."

"Ki zana zomo. Ki zana zakara. Ko zobe. Z ɗin nan ba maraya ba ne, yana da dangi."

"Na zana zomo, na yaga."

"Me bawan Allah ya yi miki?"

"Ba ɗan ɗakin ba ne."

Ya tsaya da murzar tsumman, ya dube ni ta saman tabarau. Na yi da-na-sanin buɗe baki, amma magana ta riga ta fita.

"Wane ɗaki?"

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba ke nan, har da baban 'yata. Mutane suna yaba min basira, ni kuma na san ko hoto ɗaya ban ƙirƙira ba a littafin nan. Mafarki nake kwafa. Tun ina ƙarama yake zuwa min, kuma ba ya jiran in kwanta, ko gyangyaɗi na yi a kan teburin zane sai in tsinci kaina a ciki. Haske ruwan zuma, irin na la'asar. Ƙamshin sabulun wanki. Hannun wata mace ya riƙe min yatsa yana kai shi kan abu ɗaya bayan ɗaya, murya tana rerawa a hankali saitin kunnena. A, agogo. B, buta. Ban taɓa ganin fuskarta ba. In na ɗaga kai don in gani, sai hasken ya yi min yawa.

Haka za mu yi ta tafiya har mu kai kan 'yar tsana. A nan muryar take ɗaukewa, ni kuma in farka in tarar fensirina a ƙasa.

Na gaya masa a taƙaice, ina jiran ya yi dariya.

Bai yi ba. Ya jefar da tsumman ya ce, "Tashi mu rataye shi."

Baba yana da wani hali da ma'aikatansa suke yi wa dariya a bayan idonsa. Ba ya buga littafin yara sai ya rataye shafukan gwaji a igiya, ƙasa-ƙasa, daidai tsawon ɗan shekara huɗu, sannan ya tsuguna ya kalla. Cewa yake babba yana kallon hoto daga sama kamar mai taya kaya a kasuwa, yaro kuwa shiga ciki yake.

Muka wuce ɗakin ajiya na baya, inda igiyar ta zagaye bango huɗu. Ina miƙa masa, yana maƙalawa. Igiyar ta so ta yi mana kaɗan, dole ya matse shafukan, bakin wannan yana taɓa bakin wancan. Ni dai ban taɓa ganin su a jere ba. Taga na fara zanawa, sai hula, sai bayan watanni na zo kan agogo. Kowanne na gama sai in kife shi a aljihun tebur in rufe.

"To, zo tsakiya ki tsuguna."

"Baba, da girmana?"

"Ni da furfurata me nake yi?"

Na tsuguna.

Da farko ban gane abin da nake gani ba. Sai idona ya kama wata tsagar bango da ta fara a bayan agogo, a shafin A. Ta gangaro ta shiga shafin B ta bayan buta, ba ta kauce ko da gashi ba, ta ƙare a bakin ramin ɓera. Ƙafar gadon da ke shafin G ta leƙo a gefen shafin fitila. Igiyar da na zana a shafin I, ashe a ƙusar hula aka ɗaure ta. Hasken da ya shigo ta taga, a can shafin T, shi ne ya kwanta a kan sabulu, ya taɓa gefen tsintsiya.

Na juya a hankali, ina tsugune. Ko'ina na duba bangon ɗaya ne, ƙasan ɗaya ce, hasken ɗaya ne. Ƙarar injin da ke waje ta yi nisa. Wallahi har ƙamshin sabulun na ji.

Sai wuri ɗaya a kusa da ƙofa, bayan 'yar tsana, inda igiya take fayau babu komai.

Baba ya bi igiyar da kallo har ƙarshe. Can ya sauke numfashi.

"Malama, wannan ba littafi kika zana ba. Ɗakin mutum kika ɗauko ɗungurungum."

"Mama! Mama!"

Aku ce, 'yata, an taso su daga makaranta. Aku muke ce mata don bakinta ba ya hutawa ko tana barci. Ita ce mai karatuna ta farko, duk shafin da na zana sai ta gani ta yanke masa hukunci. Ta faɗo ɗakin da gudu, ta yi turus, sannan ta daka tsalle.

"A, agogo! B, buta! Ɓ, ɓera! Mama, ɓeran yana leƙo ni!"

A bayanta Goggo ce take jan ƙafa da jakar makaranta a hannu. Yayar babana ce, ita ta raine ni tun ina tsawon Aku, bayan an ce min uwa da uba duk sun rasu. Tsohuwa mai bakin tsiya da zuciyar auduga. Ba ta taɓa yarda ta kalli zanena ba, cewa take ita ta wuce shekarun kallon hoton cokali.

"Ke kuma me ya kai ki tsuguno a ƙasa? Tashi ki karɓi rediyonki, tun daga bakin makaranta take ba ni labarin wata yarinya da ta haɗiye..."

Sai idonta ya faɗa kan shafukan.

Jakar ta suɓuce ta faɗi.

Na ga idonta yana bin igiyar. Ya wuce cokali, ya wuce darduma, ya wuce gado. Da ya kai kan hula sai ya kafe. Leɓenta yana motsi ba sauti.

"Goggo, lafiya?"

"Wa ya kai ki?"

"Ina?"

"Kada ki raina min hankali. Wa ya kai ki ɗakin nan? Kawunki ne?"



"Goggo, ina da kawu?"

Goggo ta kawar da kai. Har Aku ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba.

Baba Mai Inji ya dafa gwiwa ya miƙe. "Aku, zo ki ga yadda inji yake haɗiye takarda ba ya ƙwarewa." Ya kama hannunta suka fita, ya ja mana ƙofa.

Goggo ta lallaɓa ta zauna a kan damin takarda. A lokaci ɗaya na ga tsufanta ya fito fili.

"Hular nan ta ƙanena ce," ta ce. "Babanki. Ya yi mita har ya gaji. Ya ce shi a duniya bai taɓa ganin magidancin da aka hana rataye hularsa a bakin ƙofa ba. Ta ce a'a, hula tsakanin gado da igiya take, can ne gidanta."

"Wace ce ta ce?"

"Uwarki."

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba.

"Ke nan ɗakin gaske ne?"

"Gaske kuwa. Har tsagar bangon nan, ni na sha cewa a toshe ta."

"Ki gaya min, Goggo. Duka."

Ta share fuska da gefen mayafi.

"Babanki ne ya sayo miki littafin haruffa mai hotuna. Ta buɗe, ta ga jirgin ruwa, ta ga wata dabba da ita kanta ba ta taɓa gani ba. Ta ce yaro ba zai so harafin da ba zai iya taɓawa ba. Washegari muka zo muka tarar ta birkice ɗaki. Ta ja gado, ta ja kujera, ta sauko da agogo ƙasa-ƙasa yadda hannunki zai kai. Kowane abu ta rubuta masa harafinsa da alli a bango. Har ɓeran da ya addabe su ta hana a kashe, wai malami ne."

Dariya ta ƙwace min, hawaye na bin ta.

"Kullum da la'asar sai ta kama yatsanki ku zagaya. Ba ta ba ki sabo sai kin riƙe na baya. Mu muna yi mata tsiya, ita ko a jikinta. Baƙo ya zo ya ɗauki cokali ya ajiye a wani wuri, sai ta bari ya tafi ta mayar."

"Sai me ya faru?"

"Kuna kan tsintsiya babanki ya rasu."

Ta sake kallon hular.

"Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi. Sai ta riƙa mantuwa. Ta ɗora girki ta manta, ta fita da takalmi ƙafa ɗaya. Abu ɗaya ne bai kuɓuce mata ba, zagayen nan naku. Muka ce ai lokaci ne, zai wuce."

"Bai wuce ba."

"Ɗaga hannun rigarki."

Ban so ba, amma na ɗaga. Tabon ƙuna ne tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu, shi ya sa ba na sa riga mai gajeren hannu. Aku tana son bin sa da yatsa, wai hanya ce mai kwana-kwana.

"Kin ce min tukunyarki na jawo."

"Ƙarya na yi. Butar can ce." Ta nuna shafin B da haɓa. "Ranar ta koya miki 'yar tsana. Ta tafasa ruwa a butar, ta sauke daga wuta, ta mayar da ita gidanta a ƙarƙashin harafinta, don komai nata sai ya koma gidansa. Ta manta da zafi a ciki. Sai ta ce miki, maza ki faro daga farko, in kin kai ƙarshe ba kuskure zan ba ki na ƙarshen. Kika ruga da murna. Kika taɓa agogo. Kika rungumo buta."

Na rufe ido. Ban tuna zafin ba, ko kaɗan. Abin da na tuna shi ne gudun, da daɗin da nake ji.

"Ihunki na jiyo daga bakin gida. Na shigo na tarar kina birgima, ita kuma tana tsaye ƙiƙam, tana ta cewa B, buta, B, buta. Na sure ki sai asibiti. Likita ya ce kada a sake barin ki da ita sai ta samu lafiya."

"Bayan nan ne ta rasu?"

Goggo ta sunkuyar da kai.

"Goggo."

Ta ƙara sunkuyawa.

"Goggo, kin ce min ta rasu."

"Na ce."

"Ke kika koya min in riƙa yi mata addu'a bayan kowace salla!"

"Addu'ar ba ta faɗi ƙasa ba. Mai rai ma yana bukata."

Ɗakin ya juya min. Shafukan suka yi ta lilo a igiya, ko idona ne, ban sani ba.

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

"Me na yi miki, Goggo? Me na yi miki?"

"Ba ki yi min komai ba, 'yar nan. Kuka kike ba dare ba rana. A mayar da ke, saura ɗaya, saura ɗaya. Ba kya ci, ba kya barin a wanke ciwon. Wata rana na gaji, na ce miki ta rasu, don kawai ki yi shiru in samu in runtsa. Kika yi shiru kuwa. Shirun da ya tsorata ni. Na ce gobe zan gyara. Da goben ta zo na ga kin ci abinci, na ce bari sai ciwon ya warke. Da ya warke na ce bari sai ita ta warke."

"Ba ta warke ba."

"Ba ta warke ba. Ni kuma bakina ya yi nauyi."

Na so in tsane ta. Wallahi na so, na nemi tsanar a zuciyata ko'ina. Amma matar nan ce ta sayo min fensir mai launi na farko tana mitar ɓarnar takarda, ita ta yi jinyata duk ciwon da na yi, ita take goya min Aku da gwiwarta mai ciwo. Haushi da tausayi suka haɗe min a ƙirji, na rasa wanda zan fara fitarwa.

Gwiwa. Sai abin ya faɗo min.

"Asibitin gwiwar da kike zuwa duk mako, kike hana ni raka ki?"

"Gwiwar tana ciwo, wannan ba ƙarya. Amma ba asibiti nake kai ta ba. Can nake zuwa. In wanke mata kai, in yanke mata farce, in kai sabulu. Kawunki da matarsa suna ɗakin gaba, su ke ba ta abinci."

"Tana ɗakin har yanzu?"

"Ko cokali ba ta yarda an gusar ba."



"Tana tambayata?"

"Abu ɗaya take tambaya, duk zuwan da zan yi. Yaya, hannun ya warke? Ki kawo min ita, saura ɗaya ban koya mata ba."

Na kifa kaina a gwiwa na yi kukan da ban yi ba ina ƙarama. Goggo ba ta hana ni ba. Na ji dai hannunta ya zo kusa da kaina, ya tsaya, ya koma.

Da na ɗago na dubi wurin nan fayau a igiya.

"Mene ne na ƙarshen? Me ta ajiye wa Z?"

"Ban sani ba. Yana ƙulle a bakin zaninta. In na zo wanki sai ta kwance ta juya min baya, ta ƙulle a wani. Ta ce ba nawa ba ne."

"Tashi ki kai ni."

"Bari in fara zuwa in shirya ta, kin san halin da..."

"Kin yi shekara da shekaru kina shirya ni, Goggo. Tashi."

A waje muka tarar da Aku a kan kujerar Baba, an ba ta guntayen takarda tana yi musu huɗuba. Baba ya dubi idona, ya dubi na Goggo, bai tambayi komai ba.

"Baba, zan je in karɓo Z."

"Je ki, Malama. Inji ya ci jiya, ba zai mutu da yunwa ba."

*

Ban san yadda zan kwatanta tafiyar nan ba. Tasi tana tafiya, ni kamar ina cikin ruwa. Shaguna suna wucewa, masu gyaran taya, wata makaranta mai bango shuɗi, duk kamar an zana su ba a gama shafa launi ba. Aku tana cinyata tana karanta duk harafin da ta hango a allon shago. Goggo tana gaba, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya.

Ashe ba ma nisa. Wannan ya fi komai ci min rai. Hanyar da nake bi in sayo takardar zane ce, kwana ɗaya kawai za ka sha ka shiga lungun.

Tsohon gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo a tsakar gida yana ɗiga. Goggo ta tsaya a gaban ƙofar ƙarshe. A mafarki doguwa ce har sama. Ashe ni ce gajera.

Ta riƙo hannuna ta yi ƙasa da murya.

"Ki bi ta a hankali. Duk abin da ta ce, ki bar ta a kai. In aka gigita ta kwana take ba ta ci ba."

Ta yi sallama, ta tura ƙofar.

Hasken ne ya fara tarbata. Ruwan zuma, ya shigo ta taga ya kwanta a kan sabulu, ya taɓa gefen tsintsiya.

Ga agogo ƙasa-ƙasa, ya daɗe da tsayawa. Ga tsagar bango. Ga hula a ƙusa, launinta ya koɗe amma ba ƙura ko ɗis. Haruffan alli sun yi kauri a bango saboda maimaita su da ake yi a kan na da. Komai yana gidansa. Butar ce kawai ta bambanta da zanena, an kife ta, an naɗe ta da tsumma.

A shafin U na littafina bayan wata mace na zana, tana zaune, ba fuska. Na ce wa Baba uwa ce, ya ce ya isa. To ga U nan a bango, tsakanin tsintsiya da wando. Ga ta a ƙarƙashinsa, a zaune, ta ba mu baya.

Ƙarama ce. Ban zaci ƙarama ce haka ba. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta.

Na tsaya a bakin ƙofa.

Aku ta zame hannunta daga nawa.

"Mama! Littafinki! Mun shiga cikin littafinki!"

Kafin in kamo ta ta ruga.

"A, agogo!"

Matar ta ɗago kai.

"B, bu..."

"Kada ki taɓa!"

Ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi da sauri irin haka ba. Ta riga Aku isa, ta shiga tsakaninta da butar. Ta durƙusa, ta dafa ta da tafin hannu, ta dafa da bayan hannu, ta kara kuncinta a jiki. Sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Ta huce," ta ce. "Ta huce, Tantabarata. Taɓa."

Tantabarata.

Wani abu ya tsinke a ƙirjina. Ba wanda ya taɓa kirana haka a iya sanina, amma jikina ya amsa kafin kunnena ya gama ji.

Aku ba ta da baƙo a duniya. Ta taɓa butar, ta yi dariya. Matar ta kama ɗan yatsanta.

"Ɓ, ɓera. Ya tafi yawo, zai dawo. C, cokali. D, darduma."

Muryar ce. Ta shaƙe, ta tsufa, amma rerawar ita ce, har inda take ɗan ja kafin ta faɗi sunan abu. Suna zagayawa, Aku tana riga ta faɗa, ita tana gyaɗa kai tana cewa, "Yauwa. Yauwa, ba ki manta ba." Ni ina bakin ƙofa ina bin su a zuci, leɓena yana motsi. Na ga fuskarta yau. Hancina ne, goshina ne, har 'yar wushiryar da Aku ta gado.

Suka wuce madubi. Suka wuce taga. Da suka zo U ta ɗora yatsan Aku a ƙirjinta.

"Wannan fa?"

"U, uwa!"

Goggo ta toshe baki da mayafi.

Suka kai kan 'yar tsana, dab da inda nake tsaye. A nan mafarkina yake ƙarewa kullum. Na jira in farka, ban farka ba.

Ta durƙusa a gaban Aku, ta ɗaga hannun rigar makarantarta, ta shafa tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Ta juya shi. Ta sake shafawa.

"Yaya, kin gani? Sumul! Ko tabo babu!" Fuskarta ta washe kamar ta yarinya. "Na ce musu za ki dawo. Ba kuskure ko ɗaya, Tantabarata. Zo ki karɓi na ƙarshen."

Ta kai hannu bakin zaninta ta fara kwance ƙullin. Ƙullin ya ƙi.

Sai a lokacin ta lura da ni.

Ta dube ni sama da ƙasa, kallon ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo mai muhimmanci.

"Yaya, wace ce wannan? Malamar asibitin ce?"

Goggo ta matse min hannu har ya yi zafi.

"Sannu, baiwar Allah," ta ce min. "Ke kika yi min jinyarta? Allah Ya saka miki. Allah Ya ba ki taki 'yar."

Na buɗe baki. Kalma ɗaya ce nake so in faɗa, tun ina tsawon Aku nake riƙe da ita. Ta zo har kan harshena. Na dubi murnar da ke fuskarta, na ji yatsun Goggo suna roƙona.

"Ta daɗe a wurinku," ta ci gaba. "Amma ba komai, tunda kun gyara min hannun."

Aku ta dubi hannunta, ta dube ta, ta tuntsire da dariya.

"Ni ai ba ni da ciwo! Mamana ce mai tabo. Mama, nuna mata hanyar nan mai kwana-kwana!"

"Aku, bari..."

Ina! Ta riga ta kamo hannun rigata ta ja shi sama.

Hasken taga ya sauka a kan tabon, tun daga gwiwar hannu har wuyan hannu.

Murmushin ya tsaya a fuskar matar. Ƙullin da ke hannunta ya kwance rabi, wani ɗan abu yana leƙowa, ba ta ko kalle shi ba. Ta dubi hannun Aku. Ta dubi nawa. Ta waiwaya ta dubi butar.

Ta miƙe a hankali, ta matso har ina jin ƙamshin sabulun a jikinta. Ta ɗora yatsa ɗaya a farkon tabon.

"Baiwar Allah," ta ce, muryarta can ƙasa. "Wa ya ƙona ki a nan?"